Wai mu ina namu wasan? Muhawarar zauren Hausawan Jidda bayan Sallah

Maman Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da Sallah. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a wuya. Washegarin Sallah na kwashi yara muka tafi Balad, tsohon garin Jidda. Muka shiga ta Bab Makka, muka ratsa Suƙ Alawi har gaban Baitu Nasif, inda tsohuwar darbejiyar nan take. Jama'a maƙil, ga masu balila, ga masu kibda, an haske gidajen nan masu tagogin katako sai ka ce ba dare ba. Can muka ji ganga. Ashe 'yan mizmar ne, sun yi da'ira da fararen riguna suna tafi, mutum biyu a tsakiya suna wulwula sanduna. Hanan ta kafe, ta ce ba inda za ta. Da muka shiga mota sai ta ce min, da Larabci ma kuwa: "Mama, mu wace ce rawarmu?" Na ce muna da kalangu, muna da shantu, muna da kiɗan ƙwarya. Ta ce a ina ake yi? Wallahi na rasa bakin magana, ƙarshenta waya na ɗauko na nuna mata a YouTube.

Shekarata 17 a garin nan. Da na zo ko sinima babu. Yanzu kuwa daga Mausim Jidda sai bikin fina-finai na Bahar Maliya, sai tseren motoci a Kurnish, kowane wata da abin da ake yi. Amma namu fa? Ga Ranar Hausa nan tafe, 26 ga Agusta, saura wata biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Me zai hana mu shirya wani abu da yaranmu za su gani da idonsu?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Magana ce mai kyau, amma wa zai biya? Kuma a Agusta? Lokacin da in ka fito daga mota tabarau ɗinka ke yin gumi kafin kai ka yi?

Abu Fahad:
Wa alaikis salam ya ukhti, kullu am wa antum bi khair. Ki yi haƙuri da Hausata, a Makka aka haife ni, babana ma haka. Amma akwai gyara a maganarki. Kin ce kin ga mizmar, sai kika je YouTube neman "namu". To mizmar na wa ne? Ki je shari'il Mansur ko Jarwal ko Misfala a Makka ki tambaya su wa ke riƙe da ganga a da'ira tun zamanin kakanni. Kakana mu'allim ne na mizmar, sandarsa tana nan a ɗakin babana, shun muke ce mata. Waƙar da ake rerawa, zomal, in kika kasa kunne da kyau za ki ji kalmomin da ba Larabci ba ne. Ni kunnena yana jin bakin kakata a ciki. A 2016 UNESCO ta sa mizmar cikin kundin al'adun duniya da sunan Saudiyya, kuma daidai ne, don na Hijaz ne. Amma mu ma Hijaz ce. Ya'ani amsar da za ki ba Hanan ita ce: wannan da kika gani, akwai hannun kakanninki a ciki.

Ɗan Zazzau a Riyad:
Abu Fahad, sannu da ƙoƙari, amma in akwai hannunmu a ciki ina sunanmu? Haka aka yi da tsire. Ya shigo Makka ya zama "sire", yau Balarabe zai rantse maka abincin Hijaz ne. Ƙuli ne fa da yaji, ba wani abu ba.

Abu Fahad:
Ba wanda ya ɓoye asalinsa, kowa a Makka ya san daga ina sire ya zo da su wa ke gasa shi. Sunanmu kuwa, ka duba tawagar ƙwallon Saudiyya ta gasar duniya a 2018. Hausawi uku ne a ciki: Usama, Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. An rubuta a jerin 'yan wasa, duniya ta karanta. Me ya rage?

Ɗan Zazzau a Riyad:
Abin da ya rage shi ne dandamali. Bari in ba ku labarin nan Riyad. A ƙarshen 2024 an yi wani shiri a lambun Suwaidi, cikin Mausim Riyad, aka ba mazauna ƙasar nan kwanaki kowa ya baje al'adarsa. Indiya ta yi nata, Filifin ta yi, Pakistan, Yaman, Masar, Sudan duk sun yi. Na je na Sudan da wani abokin aikina. Jama'a, na ga mutane suna kuka saboda kiɗa. Ga rumfunan abinci, ga masu lalle, ga turaren wuta ya cika wuri, kuma ba a karɓi ko riyal ɗaya a ƙofa ba. Na duba jerin ƙasashen sama da ƙasa ban ga Najeriya ba, ban ga Nijar ba. Ba na ce an hana mu ba ne. Mu ne ba mu da wanda zai sa babbar riga ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ni dai in za a yi, a yi babba: a nemi tasrihi, wato izinin hukuma, a kama babban zaure, a gayyato makaɗa daga gida, a kira 'yan jarida. Taron tsakar gida mun gaji da shi.

Kawu Direba:
Bazazzagi ke nan, ko tukunyar ba a ɗora ba ya fara rabon tuwo. Kai a kamfani kake, ofis da sanyi. Ni albashina riyal 1,800, rabi yana tafiya Kano kafin wata ya kai goma. Ba wurin wasan da ban kai yaran maigidana ba a garin nan, amma a mota nake jira. Na san ƙofar ko'ina, ban san cikin ko'ina ba. In kuka kama babban zaure kuka sa tikiti, irina da masu aikin gida da masu wankin mota, mu ne dai za mu sake tsayawa a waje, wannan karon kuma a bikinmu.

Sannan a faɗi gaskiya tunda mu ya mu ne. Ba kowa ne igamarsa, wato takardar izinin zama, ke da rai ba. Ka tara mutum ɗari biyar da kyamara a kansu, wa zai zo?

Admin:
Kawu, a bi a hankali da wannan ɓangaren, zaure ne mai mutane da yawa. Abu biyu kuma nake so kowa ya riƙe. Taron nishaɗi na jama'a, musamman mai tikiti, sai da lasisin hukumar nishaɗi, wadda aka kafa tun 2016. Walimar iyali a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, kuwa daban take. Na biyu, tara kuɗi a bainar jama'a ba tare da izini ba, laifi ne a ƙasar nan, don haka kar wanda ya saka lambar asusu a nan. Duk wanda ya saka zan goge.

Malam na Kilo Bakwai:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ni tambayata ɗaya ce: da muka baro gida muka zo maƙwabtaka da Ɗakin Allah, kalangu muka zo nema? Tsakaninmu da Harami tafiyar awa ɗaya ce. Ban ce yara kar su san asalinsu ba. Amma me ya sa da an ce al'ada sai hankali ya tafi kan kiɗa da rawa da cakuɗuwar maza da mata?

Ku je ku ga yadda masu ƙasar suka yi a baje kolin fasahar Musulunci da aka yi a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, na farko a 2023, na biyu a 2025. Ƙarƙashin rumfunan nan da iyayenmu ke kwana a kan tabarma suna jiran jirgi. A na biyun har rigar Ka'aba suka kawo sukutum, mutum ya tsaya dab da ita yana kallon ɗinkin zinare. Na tsaya a gaban tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, sai na tuna allon zayyanata na sauka, da tawadar da muke dafawa da ƙaro, da alƙalamin gamba, da gafakar fata. Yaron da aka haifa a nan bai taɓa ganin rubutun Warshu irin namu ba, bai san ana rubuta Hausa da ajami ba. Wannan ba fasaha ba ce? In za a yi irin wannan, ni zan zo da allo da tawada da kaina.

Hajiya Mai Lalle:
Allah gafarta Malam, ka zo da allonka, muna so. Amma ku maza kuna ba ni dariya. Kuna ta "ya ɓata, ya ɓata", don ba ku shiga inda yake. Shekara 22 ina yi wa amare lalle daga Jidda har Makka. Ba satin da zai wuce ban ga kamu ba. Ana sa lalle, ana wankan amarya, ana buɗar kai. In dare ya raba, masu ganga na haya sun tattara sun tafi, sai tsofaffi su ce a kawo ruwa a baho a kifa ƙwarya. In ba ƙwarya, roba ma ta yi. Na ga matar da ba ta iya haɗa jimla biyu da Hausa ba, jikar jikar wanda ya zo a ƙasa, amma da aka buga sai ga kafaɗarta tana amsawa daidai. Ba wanda ya koya mata a aji.

Maman Hanan, laifinki ne kaɗan, 'yar'uwa. Sau nawa na gayyace ki biki kika ce yara suna da makaranta?

Maman Hanan:
Na karɓi laifina Hajiya. Amma biki sai an gayyace ka, kuma sai ƙarfe ɗaya na dare ake fara abin kirki. Yaro kuma namiji da ya wuce shekara bakwai ba ya shiga wurin mata. Shi ina zai gani?

Zee:
Salam iyayena. Ni ce ƙaramar cikinku ina ji, shekarata 21, a nan aka haife ni. Zan faɗi wani abu, don Allah kar a ce na yi rashin kunya.

Ku ne kuka ce mu daina Hausa a waje. Mamata in muka shiga kanti sai ta matse min hannu in na yi mata magana da Hausa. A makaranta an kira ni takruniyya har na daina juyowa. Na dawo gida ina kuka aka ce in yi haƙuri, in gyara Larabcina, kar in ja mana ido. To mun gyara. Yanzu kuma ana cewa ba mu san kalangu ba.

Mu muna fita fa. Tunda aka buɗe sinima a 2018 muke zuwa. Ina zuwa Hayy Jameel kallon zane da fina-finan da ba a nunawa a manyan kantuna. Bikin fina-finai na farko da aka yi a Balad a Disambar 2021 na je, na ga fina-finan Afirka da mutane baƙaƙe irina a kan allo, Larabawa suna tafa musu. A ranar na fara jin cewa ashe ba abin ɓoyewa ba ne. Ni ban damu da babban zaure ko ƙarami ba. Abin da nake so, in an yi, a bar mu mu gayyato ƙawayenmu da ba Hausawa ba. In mu kaɗai za mu kulle ƙofa mu yi, to ɓuyan ne dai aka sake.

Hajiya Mai Lalle:
Kai, yarinyar nan ta taɓa ni. Allah ya yi miki albarka. Ki yafe wa mamanki, zamanin ne ya zo da haka.

Malam na Kilo Bakwai:
'Yata, wanda ya kira ki da suna don ya wulaƙanta ki shi ya yi jahilci. Takrur sunan daula ce ta Musulmi a yammacin Afirka, malamai sun ɗauki nisbar da alfahari. Amma fim ba shi zai dawo miki da daraja ba.

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum ya jama'a. Ni baƙo ne a zauren, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya fito da mu daga Umdurman, ta Bur Sudan na shigo Jidda. Asalinmu Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Sama da shekara ɗari ke nan, kuma har yau in ka shiga kasuwarmu da Hausa za ka sayi albasa.

Muhawarar nan taku mun yi ta a Sudan tun kafin a haife ni. Abin da kuke ce wa sire mu agashe muke ce masa, kuma duk Basudane ya san na Hausa ne, bai hana shi zama abincin Khartum da yamma ba. Ga kuma A'isha Fallatiya, 'yar Kassala. Tana cikin matan farko da suka yi waƙa a Rediyon Umdurman a shekarun 1940, ta rasu a 1974, kuma Sudan duka na tinƙaho da ita. Malam, mahaifinta ma malami ne, bai so ba da farko. Ba don in tsokane ka na faɗa ba.

Abin da na lura da shi: mu abin da ya riƙe mana harshe da wasa ba dandamali ba ne. Unguwa ce. Ƙofa na kallon ƙofa. Yaro ya fito ya tarar da dambe bayan girbi, ya tarar da 'yan mata na gaɗa da farin wata, ba wanda ya ce masa "zo ka koyi al'ada". Yanzu da yaƙi ya watsa mu, wani na Gadarif, wani na Masar, ni ina nan, shi ne na gane haka. Ku nan ina unguwarku?

Kawu Direba:
Ka taɓo inda ke ciwo. An rushe.

Abu Fahad:
Sahih. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 unguwanni da yawa suka tafi: Gulail, Bitrumin, Karantina, Sabil, Kandara. Ba zan ce duk abin da ke cikinsu alheri ne ba, mun san lungunan da ko da rana ba ka so ka bi. Amma da'irar mizmar ta hara ce, wato unguwa. Kowace hara da mu'alliminta, da filinta, da wutar da ake hurawa a tsakiya. Abin da Maman Hanan ta gani a Balad an shirya shi ne don masu kallo, an ba shi lokacin farawa da na tashi. Yana da kyau, amma na hara ba a kallonsa, shiga ake yi.

Ɗan Zazzau a Riyad:
To ai kun dawo kan maganata. Tunda unguwa ta tafi, dole a nemi dandamali. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ku duba hawan Sallar Kano, a Disambar 2024 UNESCO ta sa shi a kundin da mizmar yake ciki. Da a ɓoye ake yin sa wa zai san da shi?

Hajiya Mai Lalle:
Hawan Sallah shekara ɗaruruwa ana yi kafin a haifi UNESCO, ɗan nan. Ba su suka ɗaura wa dokin sirdi ba.

Jikan Baba:
Salam. Ni ba na magana a nan, amma ina karanta wa Baba saƙonninku tun jiya, ya ce lallai in rubuta nasa. Ya ƙi saƙon murya, wai muryarsa ta tsufa. Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa:

"Ka gaishe su duka. Ka ce musu ni mahauci ne ɗan mahauci. Zamanin Sarki Faisal na shigo ƙasar nan ina saurayi, ta ƙasa: Maiduguri, Fallomi (Njamena ta yanzu), muka ratsa Sudan, muka yi noman auduga shekara biyu muka tara kuɗin jirgin ruwa. Ɗan Mai Wurno, na sha ruwan garinku. Abin da na riƙo daga gida wuƙa ce da kalangun wana, don shi ya rasu a hanya.

"Ka ce wa mai cewa a gayyato makaɗa daga gida, kalangu ba na dandamali ba ne tun asali, na mahauta ne. Shi ke gaya wa gari an yi yanka. A Karantina na yi shekara arba'in da wani abu ina gasa nama. Lokacin ba a kiɗa a fili, in 'yan hai'a, wato 'yan hisba, suka ji ka shiga uku. To ranar Sallah in mun tashi daga aiki sai mu shiga gidan wani Bagobiri mai faɗin tsakar gida, mu jingina katifu a ƙofa, in matse kalangu a hammata in taɓa shi a hankali. A hankali fa. Amma sai ka ga dattijo mai furfura ya miƙe yana kirarin ubansa yana hawaye. Barebari na zuwa, Zabarmawa na zuwa, har wani Bayamane mai shayi.

"Da azumi ya kai goma yaranmu na tashe a lungu. Su manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida-gida. Ba hatsi a nan, sai a ba su riyal ko sambusa. Ka ce wa Malam har shi suna kwaikwaya, da allo da buzu, kuma malaman lokacin dariya suke yi.

"Ranar da aka ce izala ta iso layinmu, na zaci masu wa'azi ne, ashe katafila ce. Yanzu ina shagga, a gidan bene, hawa na uku. Maƙwabcina ban san sunansa ba. Bagobirin nan an ce yana Bahra, wani ya ce ya koma gida, wani ya ce ya rasu. Ka ce wa yarinyar da aka matse wa hannu, mu ma an matse mana, mu ne muka koya wa iyayenta. Ta yafe.

"Zancen wata biyar kuma, ni ban san ko zan kai ba. In taro za su yi, su yi wanda zan iya zama a ƙasa in miƙe ƙafa."

Ya ce in tsaya nan.

Maman Hanan:
Innalillahi. Na karanta sau uku. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Don Allah tambaye shi, kalangun yana nan?

Jikan Baba:
Yana nan cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Icen lafiya lau, amma fatar gefe ɗaya ta fashe tun wajen kwashe kaya, tsarkiyar ma ta bushe. Ya ce tantani ake sa masa, ba kowace fata ba, kuma a nan bai san mai yi ba.

Kawu Direba:
Wannan mai sauƙi ne. Ƙanwar matata na zuwa Umara wata mai kamawa. In Baba ya faɗi irin wanda yake so, a saya a Kano a sa mata a jaka. Sannan maganar wuri: akwai istiraha can hanyar Usfan da nake kai maigidana, da fili da ɗakin mata daban da na maza, har da wurin gashi. In tsakiyar mako ne ba ta da tsada, gida goma sun isa su ɗauke ta ba tare da an yi shelar kuɗi ba. Kuma ba sai Agusta ba.

Ɗan Zazzau a Riyad:
Wato dai an kayar da ni, an koma tsakar gida.

Zee:
Ba a kayar da kai ba Yaya. Ni zan ɗauki hoto da bidiyo, na wanda ya yarda kawai, ba fuskar kowa sai da izininsa. In ka tashi zuwa ƙwanƙwasa ƙofar ka samu abin nunawa. Hannu biyu za ka je musu da shi yanzu? Amma sharaɗina na nan, ƙawayena biyu za su zo, ɗaya 'yar Jizan ɗaya 'yar Indonesiya.

Ɗan Zazzau a Riyad:
Na ji. Amma ku rubuta ku ajiye, ni ban janye ba. Ranar Hausa tun 2015 ake yin ta, ƙasashe da yawa na taro a fili, ba dalilin da zai sa mu da muka fi kowa daɗewa a waje mu ƙare a bayan katanga. Wannan na istiraha share fage ne.

Ɗan Mai Wurno:
"Mun fi kowa daɗewa" fa? Ka bari mu da Abu Fahad mu yi wannan gardamar, kai jiya ka zo. Agashe dai a bar min. Baba ya ɗanɗana ya faɗi tsakani da Allah wanne ya fi, namu ko siren Makka.

Malam na Kilo Bakwai:
In maza da mata kowa da ɓangarensa, kuma aka tsaya aka yi sallah a kan lokaci, zan zo da alluna goma in koya wa yara rubuta sunansu da ajami. In an fara kiɗan zan fita in sha iska. Ban halatta ba, ban kuma hana kowa zuwa ba.

Hajiya Mai Lalle:
Ƙwarya huɗu gare ni na gaske, ba roba ba. Shantu ne babu, nawa ya tsage. Kawu, a ƙara shi cikin saƙon Kano, a naɗe shi da zane kar a danne shi da kaya.

Admin:
To wa zai kaɗa kalangun? Kowa na ta tsara nama.

Jikan Baba:
Shi ne matsalar. Hannun Baba na rawa yanzu, ba ya iya riƙe makaɗi da kyau. Ni kuma wallahi ban iya ba, ban taɓa tambaya ba ma.

Abu Fahad:
Ɗan ƙanena shi ke riƙe ganga a da'irarmu, shekararsa 19, hannunsa na da kyau masha Allah. Hausarsa "sannu" ce da "na gode" kawai. In Baba zai karɓe shi, in kawo shi ta jirgin ƙasa daga Makka duk Alhamis.

Jikan Baba:
Ya yi dariya har da tari. Ya ce kalangu magana yake yi, wanda ba ya jin Hausa me zai sa shi ya faɗa? Sai kuma ya ce a kawo shi, za a haɗa masa biyun. Alhamis bayan isha. Ya ce kar ya zo hannu rabbana, ya taho da goro.

Maman Hanan:
Hanan na kusa da ni tana karantawa. Ta ce ita ma za ta je Alhamis ɗin, wai ita ta fara tambaya. Allah gafarta Malam, kar ka ce komai.

Malam na Kilo Bakwai:
Ban ce komai ba.